Biyayya da Bangaskiya a Addinin Kirista

Biyayya, a wurin mabiya addinin Kirista, ita ce miƙa wuya ga nufin Allah bisa ga bangaskiya, watau mutum ya aikata abin da aka umarce shi tun bai hango ƙarshen al'amarin ba, saboda amincewarsa da Mai umarnin. Babban misalin da malamansu suke kafa hujja da shi shi ne Ibrahim, wanda Littafin Farawa ya ba da labarin yadda ya bar Haran yana da shekara 75, ya nufi ƙasar da bai sani ba, daga bisani kuma ya yarda zai miƙa ɗansa Ishaku hadaya a ƙasar Moriya.

Amma mas'alar dangantakar bangaskiya da ayyuka ta jawo saɓani mai tsawo, domin kuwa Manzo Bulus ya karantar da cewa ceto kyauta ce ta alherin Allah wadda ayyukan shari'a ba sa sayenta, alhali Yaƙub, a wasiƙarsa, ya nace cewa bangaskiyar da ba ta ciyar da mayunwaci ba, ba ta da rai. Martin Luther na Jamus ya tsaya a kan bangaskiya kaɗai, Majalisar Trento ta Cocin Katolika ta yi masa raddi a 1547, sai a 1999, a birnin Augsburg, Katolika da Lutarawa suka rattaba hannu a kan sanarwar haɗin gwiwa game da wannan mas'ala.