Hanyar iska a ɗakunanmu: daga jinka da azara zuwa kwano

Mai karatu, idan kana Karare ko wani gari na yankin Batsari da Safana, ka ɗaga kai yau da daddare ka dubi ɗakin da iyalinka ke kwana, ka tambayi kanka: numfashin da mutum shida suka fitar bayan an rufe ƙofa, ta ina yake fita? A gidaje da yawa amsar ita ce ba ya fita sai gari ya waye. Ba haka abin yake ba tun asali, kuma sanin yadda aka zo nan zai taimake ka wajen gyara.

A ƙasashen Turai da Amurka iska tana da hanyarta ta musamman a cikin gida, wato bututai da ake binnewa a bango da saman silin, su kai sanyi ko ɗumi ɗaki-ɗaki. Sana'ar ta bunƙasa ne bayan da Willis Carrier ya ƙera na'urar sanyaya iska ta zamani a 1902, domin wata maɗaba'a a birnin New York. Ko a can ɗin ba a huta ba, domin hukumomin Amurka sun ƙiyasta cewa kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na iskar da ke bin bututun gida tana zurarewa ta kafofi da mahaɗin da ya saki. Mu a nan ba mu da bututu, amma kakanninmu sun yi wa iska hanya a jikin ginin kansa.

Ɗauki ɗakin jinka tukuna. Ciyawar rufi tana numfashi: hayaƙi da zafi suna tashi sama su ratsa ta, sabuwar iska kuma ta shigo ta ratar da ke tsakanin bango da jinka. Soro kuwa wata dabara ce daban. Ana gina bango mai kauri da tubali, a jera azarar giginya wadda gara ba ta cika ci ba, a shimfiɗa zana ko asabari, a ɗora ƙasa, a kafa indararo don ruwan sama. Azara ba ta ɗaukar nauyi idan faɗin ya wuce kamar ƙafa 6, shi ya sa magina suka ƙware a bakan gizo da tulluwa, waɗanda ke ɗaga rufi sama, zafi ya taru can nesa da kan mutane. Wanda yake son ganin ƙarshen wannan fasaha sai ya tuna da masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Ko Turawa da suka zo gina Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, da ƙasa suka gina ta.

Sirrin bangon ƙasa shi ne jinkiri. Zafin rana yana ɗaukar sa'o'i kafin ya ratsa shi, don haka da azahar ɗakin soro yana da sanyi, sai bayan magariba bangon ya fara amayar da abin da ya sha. A lokacin kuwa babu kowa a ciki, domin da bazara tsakar gida ake kwana, ko ƙarƙashin rumfa, wasu ma a kan soro. Wato tsakar gida ita ce rabin tsarin, kuma wannan rabin ne aka fi mantawa idan ana yabon ginin da.

Kada dai yabon ya yi yawa. Tagar ɗakin da ƙarama ce, wani lokaci ba ta fi tafin hannu biyu ba, kuma da hunturu ana toshe ta da tsumma a hura wuta a ciki. Sanƙarau ya kashe mutane a ɗakunan ƙasa tun kafin kwano ya yaɗu. Tun 1905 aka rubuta labarin annobarsa a Arewacin Nijeriya. A 1963 wani likitan sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya zana yankin Afirka da cutar ta fi addaba, kuma ƙasar Katsina tana tsakiyarsa. Ƙurar hunturu tana busar da hanci da maƙogwaro, cunkoso a rufaffen ɗaki kuma ya sauƙaƙa wa ƙwayar cutar tsallakawa daga wannan zuwa wancan.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kayan gini na waje suka fara samun hanyar shigowa Arewa. Amma kwano da siminti ba su mamaye ƙauyuka ba sai a shekarun 1970, da kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji na 1974. Babu mai zargin wanda ya sauya rufi. Soro yana son yaɓe duk shekara, yana yoyo a watan Agusta, jinka kuma abincin gobara ce. Sai dai kwano ya zo shi kaɗai, bai zo da ilimin da ya kamata ya rako shi ba. Aka ɗora shi a gajeren bango, aka liƙe ratar sama da siminti, aka bar taga guda a gefen ƙofa, sau da yawa babu silin. A watan Afrilu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, kwanon da rana ta buga yana wuce digiri 60, ya dinga zubo wannan zafin kan jariri da mai jego da tsoho mai hawan jini.

Sannan aka rasa ɗaya rabin. Tun da 'yan bindiga suka samu mafaka a dajin Rugu, kwanan waje ya zama kasada a ƙauyuka da yawa na Batsari da Safana. Ana rufe ƙofa da taga da wuri, iyalan da suka baro garuruwansu kuma suna cunkushe a ɗakin ɗan'uwa a Batsari ko Katsina. Ba wanda zai ce wa mai wannan hali ya buɗe ƙofa ya kwanta. Abin da ya rage shi ne a yi wa iska hanyar da mutum ba zai iya bi ba.

Me ya sa abin ya kai a damu? A shekarun 1950, a wani asibiti da ke Baltimo ta Amurka, Richard Riley da abokan aikinsa suka ja iskar ɗakin masu tarin fuka ta bututu zuwa wani keji da aka tara ɓerayen Masar. Dabbobin ba su taɓa haɗuwa da majinyatan ba, amma wasunsu suka kamu. Daga nan aka tabbatar cewa iskar ɗaki kaɗai ta isa ta ɗauki cutar. Haka ƙyanda take yaɗuwa. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, wadda ta taso daga Zamfara a ƙarshen 2016 kuma ta shigo har Katsina. Rigakafi shi ne babbar garkuwa, kuma a 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare nau'i 5 na ƙwayar. A kai yara a yi musu. Amma allura ba ta fitar da hayaƙi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗora mutuwar mutum kusan miliyan 3 a shekara kan gurɓatar iskar cikin gida.

Ƙa'idar gyaran ita ce wadda ɗakin jinka ya bi: iska mai zafi sama take tashi, kuma ba ta fita sai wata ta samu mashiga. Kafa ɗaya ba ta wadatarwa. A sa magini ya huda ƙananan kafofi kusa da rufi a bango biyu masu fuskantar juna, ko ya jera bulo mai huji, a tsare da rodi. Idan akwai silin, sararin da ke tsakaninsa da kwano shi ne bututun gidanka. A bar masa mafita a goshin ginin ta ɓangare biyu, in ba haka ba ya zama tanda. Wanda bai da kuɗin silin ɗin kanti, asabari ko tabarmar kaba da aka ɗaure ƙarƙashin kwano tana rage zafi sosai, haka ma shafa wa kwanon farin fenti ta sama.

Kowace kafa kuma a rufe ta da ragar waya. Sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro ya fi shigowa ta ratar ƙarƙashin rufi, kuma binciken da aka yi a Gambiya, aka wallafa a 2009, ya nuna cewa sa wa gida raga ya rage sauron da ke shiga da kusan rabi. Ragar tana kuma hana jemage da ɓera sheƙa a silin. Sai dai ƙurar hunturu tana toshe ta, don haka a goge ta da burushi kafin zafi ya kankama, a duba inda ta yage kafin damina. Mai na'urar sanyaya ɗaki shi ma ya riƙa ciro rariyarta yana wankewa, ya kuma sani cewa ita da fanka iskar ciki kawai suke juyawa, ba sa kawo sabuwa.

Uwargida, wannan naki ne: kada kaskon gawayi ya kwana a rufaffen ɗaki, komai sanyi, kuma janareta ya zauna a fili nesa da taga. Suna fitar da iskar guba marar wari, wadda ke fara wa da ciwon kai da jiri da tashin zuciya. Idan mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da waɗannan alamu tare, a fitar da kowa waje nan take, a garzaya asibiti. Mai tarin da ya wuce mako biyu kuma a kai shi gwajin majina, kyauta ake ba da maganin tarin fuka a asibitocin gwamnati, kafin sakamako ya fito kuma a ba shi shimfiɗar da ta fi kusa da taga, a raba shi da ƙananan yara.