Hatsi, Rijiya da 'Yanci: Tarihin Neman Adalci a Ƙasar Damargu

Damargu, wato yankin Tanut da Belbeji a arewacin jihar Damagaram, ƙasa ce da ke tsakanin masu noma da masu kiwo. Nan gonakin gero suke ƙarewa, dajin makiyaya ya fara. Tun da daɗewa ita ce rumbun Azbin: a nan ayarin Azbinawa ke ɗaukar hatsin da za a musanya da gishiri da dabino a Bilma da Fashi, ta nan kuma fataken Tarabulus ke bi zuwa Damagaram da Kano. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya sauka a Tagelel a watan Janairun 1851, ya tarar da ita a matsayin ƙasar da ke ciyar da Azbin. Inda dukiya ke bi ta hannun mai ƙarfi da mai rauni, dole maganar zalunci ta taso, kuma a Damargu ta fi tasowa a kan abu uku: hatsi, ruwa da 'yancin ɗan Adam.

Hanyar da ta haɗa Agadas da Kano, wadda ta ratsa Damargu, ta ɗauki littattafai kamar yadda ta ɗauki gishiri. A ƙarshen ƙarni na 15, Shehu Muhammadu al-Magili ya karantar a Azbin kafin ya isa Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, inda ya rubuta masa nasiha kan wajiban sarauta: sarki ya saurari kukan talaka da kansa, ya sa ido a kan ma'aikatansa, kada ya karɓi dukiyar da shari'a ba ta halatta ba. A 1615 Ahmad Baba na Tumbuktu ya yi fatawa cewa baƙar fata ba dalilin bautar da mutum ba ce, ya kuma lissafa mutanen Kano, Katsina da Barno cikin Musulmin da ba ya halatta a mallake su. Daga baya Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda ya zauna a Agadas, ya karantar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. A cikin littafinsa Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu ya ambaci zaluncin sarakunan zamaninsa da sunayen da talaka ya sani: jangali, kuɗin gari, da gaisuwar da ake kai wa mai mulki don a sayi hukunci.

Damargu ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba, kuma a ƙarni na 19 rayuwar cikinta ta yi nisa da abin da malaman nan suka rubuta. Manoma Hausawa da Dagirawa suna ba manyan Azbinawan Kel Ewey da Imuzurag wani kaso na amfanin gona don samun kariya daga mahara. Akwai ƙauyukan Bugaje da ke noma wa iyayen gijinsu, an raba da yawansu da asalinsu ta hanyar hari ko ciniki. A shari'a kuwa, haƙƙin da ke kan hatsin damina zakka ce, ɗaya bisa goma idan ya kai nisabi, kuma ta mabuƙata ce. Lokacin da Annabi (SAW) ya aiki Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman, ya hana shi zaɓar mafi kyawun dukiyar mutane, ya gargaɗe shi da addu'ar wanda aka zalunta. Wannan shi ne ma'aunin da almajirin da ya yi karatu yake riƙe da shi, ko da bakinsa bai isa ya faɗa a gaban mai takobi ba.

Turawan Faransa sun ratsa Damargu a 1899. Sun haramta cinikin bayi a 1905, amma suka ɗora haraji, ƙwace raƙuma da aikin dole, wanda ba a soke shi ba sai 1946. Kawusan, wanda ya yi wa Turawan Faransa ƙawanya a Agadas daga Disambar 1916 zuwa Maris 1917, haifaffen Damargu ne. Ramuwar da Faransa ta yi bayan karya shi ta faɗa har kan malamai da talakawan da ba su ɗauki makami ba.

Bayan samun 'yancin kai, rigimar ta koma kan ƙasa. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, amma yawan jama'a da farin 1973 da 1984 sun tura manoma cikin dajin kiwo, suka koro makiyaya zuwa bakin gonaki. Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun zo don tsare burtali, mashaya da gona, kamar yadda dokar 2003 ta mai da bautar da mutum babban laifi. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Tanut da Belbeji ya riga su magana. Ɓarnar da dabba ta yi da dare tana kan mai ita, tsaron gona da rana yana kan manomi, kuma an hana mai rijiya riƙe rarar ruwa don ya hana dabbobi ciyawar da ke kewaye.

Hukunci dai ga shi a rubuce, na addini da na gwamnati. Abin da Damargu ke nema shi ne mai zartar da shi ba sani ba sabo: hakimin da zai ƙi gaisuwar mai garke, malamin da zai gaya wa attajiri cewa tiyar da ya ba da bashi a bazara ba ta zama biyu da kaka, da maƙwabcin da zai daina kiran wani da sunan bautar kakansa.