Snot: Shekara Uku da Kundi Ɗaya

A 1995, a garin Santa Barbara da ke gaɓar teku a jihar Kalifoniya ta Amurka, wani mai jita, Mikey Doling, ya haɗa kai da Lynn Strait suka kafa ƙungiyar kiɗa mai suna Snot. Strait ɗan kiɗan punk ne tun asali, jitar bes yake bugawa a wata ƙungiya mai suna Lethal Dose, kuma a Snot ne ya koma riƙe makirufo. Sonny Mayo ya zo da jita ta biyu, John Fahnestock ya karɓi bes, Jamie Miller ya zauna a kan ganguna. Kamfanin Geffen ya ɗauke su, suka fitar da kundinsu Get Some a watan Mayun 1997, sannan a ranar 11 ga Disamba 1998 Strait ya mutu a hatsarin mota a kan babbar hanya mai lamba 101, yana da shekara 30, tare da karensa Dobbs wanda hotonsa ke bangon kundin. Ƙungiyar ta watse nan take. Masu tuna Snot galibi da wannan mutuwa suke farawa, da ita kuma suke ƙarewa, har ta danne abin da ya fi cancanta a yi magana a kai: Get Some shaida ce ta ɗan gajeren lokacin da wannan sabon kiɗa mai nauyi bai riga ya samu ƙa'ida ba, kowa yana zuba abin da ya ga dama a tukunyar.

Sai an dubi shekarun kafin a gane haka. Korn sun fitar da kundinsu na farko a 1994, Deftones a 1995, Limp Bizkit a Yulin 1997, System of a Down kuwa sai a 1998. Lokacin da Snot suke ɗaukar Get Some, kamfanoni sun san matasa na son wani abu tsakanin kiɗan metal da rap, amma ba su gama sanin siffarsa ba. Kundin ya fito da wannan sakewar. Akwai nauyin jitar metal a ciki, sai dai saurin ganguna da gajartar wasu waƙoƙin na punk ne tsantsa, bes ɗin Fahnestock kuma yana tsalle irin na kiɗan rawa na baƙaƙen Amurka, har akan sauke amo a yi ɗan lallausan kiɗa mai kama da jaz kafin a sake fashewa. Strait yana ihu, yana rerawa, yana jero magana da sauri, wani lokaci duk a waƙa guda. Wanda ya jagoranci ɗaukar kundin, T-Ray, daga duniyar rap ya fito, kuma ana jin hannunsa a yadda aka ba ganga da bes fili maimakon a binne su ƙarƙashin jita. Abin da ya fi raba su da takwarorinsu shi ne raha. Korn sun gina sunansu a kan ƙuncin ƙuruciya da raɗaɗin zuciya, Snot kuwa suna iya yin waƙa irin Tecato a kan shaye-shaye, su juya su yi shaƙiyanci na banza a ta gaba ba tare da kunya ba. Waƙarsu Mr. Brett zambo ce ga Brett Gurewitz na ƙungiyar Bad Religion, mai kamfanin Epitaph, kuma duniya mai abin mamaki, Jamie Miller ɗin da ya buga gangar wannan zambo shi ne ya zama mai gangar Bad Religion a 2015.

Mai musu zai ce mutuwa ce ta ɗaga darajarsu, domin kundin bai yi wata kasuwa ba lokacin da ya fito, kuma mutane sun saba yabon mamaci. Akwai gaskiya a nan, ba kaɗan ba. Amma tun Strait yana raye ake damawa da su. A 1998 suna cikin masu wasa a ƙaramin dandalin Ozzfest, bikin da Ozzy Osbourne ke zagaya Amurka da shi a wancan lokacin, tare da System of a Down da Incubus, waɗanda ba a daɗe ba suka cika duniya. A wannan zagayen ne 'yan sanda suka kama Strait a Mansfield ta jihar Masacusets bayan ya fito tsirara daga ƙaton masai na wasa da Limp Bizkit suke kafawa a dandali, wanda ya isa ya nuna irin mutumin. Bayan rasuwarsa, kiɗan da aka tanada don kundi na biyu ya zama Strait Up, wanda ya fito a Nuwamba 2000, inda Jonathan Davis na Korn, Serj Tankian, Corey Taylor na Slipknot, Brandon Boyd, Max Cavalera da Fred Durst kowa ya ɗora muryarsa a inda ta Strait za ta zauna. Ta'aziyya kaɗai takan tara mutane rana ɗaya. Shiga ɗakin ɗaukar murya a rubuta waƙa a kan kiɗan wasu, alhali kowannensu yana tsakiyar cin kasuwarsa, ya fi kama da girmamawar abokan sana'a.

Musu na biyu ya fi ƙarfi: wa ya ce da sun daɗe ba za su bi sahun sauran ba? Babu mai iya rantsuwa a kan haka, alamu ma suna nuna akasinsa. Mayo ya bar ƙungiyar tun a 1998, Mike Smith ya maye gurbinsa, Smith kuma daga baya ya koma Limp Bizkit. A watan Agustan 1998 kundin Follow the Leader na Korn ya fito, ya hau saman jadawalin ciniki na Amurka, daga nan kamfanoni suka samu ma'auni, suka shiga neman masu kama da shi. Geffen kansa an narkar da shi cikin Interscope a farkon 1999, aka sallami mawaƙa da dama. Ko a Strait Up ana jin kiɗan ya ƙara duhu da nauyi, rahar ta ragu, kuma waƙar da ta fi shahara a cikinsa, Angel's Son ta Lajon Witherspoon na Sevendust, lallausar waƙar makoki ce da ba ta da alaƙa da haukan Get Some. Wannan bai rushe hujjar ba, ƙara mata ƙarfi ya yi, domin darajar kundin tana cikin abin da aka riga aka ɗauka a faifai a 1997, ba cikin hasashen abin da za su zama ba. Ragowar 'yan ƙungiyar sun sake haɗuwa a 2008 da Tommy Vext a bakin makirufo, sun kuma sake gwadawa bayan haka da wasu mawaƙan, amma kowane karo waƙoƙin Get Some ne masu kallo suke biyan kuɗi su ji.