Yadda Gonar Talaka Ta Gyara Lissafin Jami'a

Duk wanda ya bi hanyar Kazaure zuwa Roni a watan Agusta zai ga gonaki a gindin duwatsu, gero da dawa da wake, wani wurin har da gyaɗa, duk a fili guda. Ɗalibin da ya tashi a wannan yanki ya tafi karatun tattalin arzikin noma, ko a Dutse ko a Kano ko a Zariya, yakan dawo hutu ya dubi gonar mahaifinsa ya ji kamar wannan haɗe-haɗen alama ce ta rashin wayewa. Amma idan ya bi tarihin fannin da yake karantawa, zai tarar cewa a Arewa irin wannan gona ce ta ba shi gindin zama.

Labarin ya faro tun kafin a kafa jami'a. Lokacin da layin dogo ya iso Kano a 1911, Turawan mulki auduga suke sa rai za a riƙa lodawa zuwa masaƙun Ingila. Manoman lardin Kano, wanda masarautar Kazaure take cikinsa, sai suka karkata ga gyaɗa. Dalilansu a fili suke. Masaƙan gida sun fi kamfanin Turawa sayen auduga da daraja. Gyaɗa kuwa tana zama lafiya tsakanin hatsi, tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, kuma idan shekara ta yi tsanani ana iya cin ta. Fataken goro, waɗanda suka san ƙauyuka kuma suke da jari, su suka zama dillalai. Daga wannan zaɓi na manoma dalar gyaɗa ta Kano ta samo asali.

Duk da haka, hukuma ba ta ɗauki manomi a matsayin mai lissafi ba. A 1922 aka buɗe tashar binciken noma a Samaru ta Zariya, wadda ta zama cibiyar bincike a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello bayan kafa jami'ar a 1962. Shekara da shekaru shawarar da malaman gona suke kaiwa ƙauye guda ce: a shuka iri ɗaya a gona ɗaya, a jere, a zuba takin zamani. Manoma su saurara cikin ladabi, su koma su ci gaba da abin da suka gada. Sai aka riƙa cewa taurin kai ne.

A tsakiyar shekarun 1960 wani matashin masanin tattalin arzikin noma, David Norman, ya jagoranci sashen binciken tattalin arzikin karkara a Samaru. Maimakon ya kai wa manoma shawara, sai ya tura masu ɗaukar bayanai ƙauyukan Ɗan Mahawayi da Doka da Hanwa a ƙasar Zazzau. Suka shekara suna rubuta awa nawa aka yi a kowace gona, wa ya yi aikin, dami nawa aka samu. Abin da lissafin ya nuna shi ne, babbar matsalar magidanci ita ce ƙarancin hannu a watannin Yuni da Yuli, lokacin da ciyawa ke neman cinye shuka. Wanda ya haɗa iri yana nome amfani uku da fartanya guda, saboda haka abin da yake samu a kowace eka da kowace awa ta wannan lokaci ya fi na mai iri ɗaya. Ban da haka, idan ruwa ya ɗauke da wuri dawa ta ƙi, gero ya riga ya nuna. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A daidai wannan zamani, a 1967, Polly Hill ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta fito da ɗaya ɓangaren gaskiyar. Manoman ƙauye ɗaya ba ɗaya suke ba. Mai ƙaramin ƙarfi yakan sayar da hatsinsa da kaka a araha, ya saye shi da tsada da damina, sannan ya tafi ƙwadago gonar wani a ranakun da tasa ke jiran noma. Irin wannan mutum ya san abin da ya kamata ya yi, hali ne ba shi da shi.

Ba a daɗe ba aka ga amfanin wannan ilimi. Farin 1972 zuwa 1974, da cutar da ta halaka gyaɗa a 1975, sun nuna hatsarin jingina da abu guda. A shekarar 1975 ɗin aka fara shirin raya noma na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, a farkon shekarun 1980 aka kafa KNARDA wadda aikinta ya haɗa da ƙasar Kazaure, sannan JARDA ta gaje ta a nan bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. Waɗannan hukumomi sun kai taki da iri da injin ban ruwa ƙauyuka, amma tambayar Samaru tana nan a kan kowane sabon shiri: shin ya dace da hannun da magidanci yake da shi, da abin da ke aljihunsa a watan da ake bukatar kuɗin?

Ita ce tambayar da ɗalibin Roni zai gada. Ruwan Roni bai kai na Zariya ba, don haka alƙaluman Hanwa ba za su yi masa aiki kai tsaye ba. Hanyar da aka bi aka samo su ce za ta yi masa. Kafin ya rubuta cewa manoman garinsu sun ƙi karɓar sabuwar dabara, ya fara zama da mahaifinsa damina guda, ya ƙirga ranakun noma da kuɗin ƙwadago, ya kuma rubuta farashin tiya da kaka da farashinta a tsakiyar damina.