Wa ya ba Girinwic sifiri?

Duk wanda ya tashi a gidan da ake sauraron rediyo ya saba da jin "agogon GMT". Harafin farko na nufin Girinwic, wata unguwa a bakin kogin Thames a Landan. Yaya aka yi duniya ta yarda ta fara ƙidayar gabas da yamma daga wannan unguwa?

Layukan taswira iri biyu ne. Na kwance, wato latitud, suna auna nisan wuri daga Ikwaita, layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu. Juyawar duniya ce ta ajiye Ikwaita a inda take, don haka ba a yi jayayya a kanta ba. Matuƙan jiragen ruwa na dā kan auna tsayin Tauraron Arewa a sama su san latitud ɗinsu. A Kano tsayinsa kimanin digiri 12 ne.

Na tsaye, wato lonjitud, duk tsawonsu ɗaya, babu wanda halitta ta fifita. Sai kowa ya zaɓi mafarinsa. Baɗalamusa na Iskandariyya ya fara ƙidaya daga wasu tsibirai a yammacin Afirka, masanan taurarin Indiya daga birnin Ujjain, Faransawa kuwa daga Paris.

Lonjitud lissafin lokaci ne. Duniya tana juya digiri 360 cikin sa'a 24, wato digiri ɗaya duk minti huɗu. Shi ya sa mai azumi a Maiduguri ke riga na Sakkwato shan ruwa da kusan rabin sa'a: tsakaninsu kusan digiri 8 ne. Matuƙin da ya san lokacin tashar da ya baro, ya gwada shi da tsakar ranar inda yake, ya san nisansa gabas ko yamma. Sai dai agogon wancan zamani ba ya jure tangaɗin teku.

A 1707 jiragen yaƙin Birtaniya huɗu suka faɗa kan duwatsun tsibiran Scilly, fiye da mutum 1,400 suka halaka. A 1714 majalisar dokoki ta sa ladan da ya kai fam 20,000 ga wanda ya samo mafita. Wani kafinta, John Harrison, ya ƙarar da shekaru da dama yana ƙera agoguna. Na huɗunsu, da aka tafi da shi Jamaika a 1761, ya yi kuskuren daƙiƙa biyar kacal cikin kwana 81.

Saura batun sifiri. A watan Oktoban 1884 wakilan ƙasashe 25 suka taru a Washington. Hujjar masu goyon bayan Girinwic ita ce kimanin kashi 72 cikin ɗari na sufurin teku da taswirorinta yake aiki. Ƙasashe 22 suka amince, San Domingo ta ƙi, Faransa da Birazil suka ƙaurace wa ƙuri'ar. Faransa ta riƙe agogon Paris har 1911. Mai jiragen da suka fi yawa shi ya samu sifiri.

Layin ya sauko ta Faransa da Sifen, ya ratsa Aljeriya, ya bi ta Gao a Mali, ya faɗa teku a Tema ta Ghana. Babu ɗan ɗaya daga cikin waɗannan ƙasashe na Afirka da ya zauna a teburin. Makonni kaɗan bayan haka, a Nuwamba, aka buɗe taron Berlin da ya tsara ƙa'idojin rabon nahiyar. Layukan da aka ƙirƙira don ceton matuƙa suka zama abin yanka ƙasa: iyakar Masar da Sudan da aka shata a 1899 tana kan digiri 22 arewa ne, ta Masar da Libiya kuma mafi yawanta tana kan digiri 25 gabas. Makiyayan da ke bin rijiyoyin wannan hamada suka wayi gari da iyakar da aka ja da awon taurari.