Injin TU na Peugeot da Citroën

TU suna ne na jerin ƙananan injuna masu silinda huɗu da kamfanin PSA na ƙasar Faransa ya ƙera domin motocin Peugeot da Citroën. Ya fara fitowa a shekarar 1986 cikin motar Citroën AX, inda ya maye gurbin tsohon injin X. An fi ƙera shi a masana'antar Française de Mécanique da ke garin Douvrin, a arewacin Faransa.

Girman injunan ya bambanta. TU9 yana da cc 954, TU1 cc 1,124, TU3 cc 1,360, shi kuwa TU5 cc 1,587. Yawancinsu bawul takwas gare su, kuma bel ne ke juya sandar da ke buɗe bawulolin. Na farko-farko da kafireta suke aiki, daga baya aka koma ga tsarin feshin mai da kwamfuta ke sarrafawa. Samfurin TU5JP4 mai bawul 16 yana ba da ƙarfin doki 109.

An sa injin a Peugeot 205, 106, 206, 306 da 307, da kuma Citroën Saxo, Xsara, C3 da Berlingo. Kamfanin Iran Khodro na ƙasar Iran ma yana amfani da shi. Daga shekarar 2006 injin Prince, wanda PSA ya ƙera tare da BMW, ya fara karɓar wurinsa. Sai dai EC5, wanda aka gina a kan TU5, ya ci gaba da aiki a Peugeot 301, motar da kamfanin PAN ya haɗa a Kaduna.