Mabuɗi

mabūɗī *sn. nj.*, *jm.* màbū̀ɗai. Daga būɗḕ.

1. ƙarfen buɗe kwaɗo ko ƙofa: *ya manta ~n shagonsa a kasuwar Gwaram.*

2. (*kwamf.*) dogon jerin haruffa da lambobi da manhaja ke amfani da shi don sabar ta shaida mai shiga, a madadin kalmar sirri. An fi aiki da shi a allon umarni, inda ake buga umarni da rubutu, musamman a SSH (wanda aka ƙirƙiro a Finlan, 1995). Tagwaye ake ƙirƙira da umarnin *ssh-keygen*:
(a) ~n sirri: yana zama a kwamfutar mai shi, cikin jakar *.ssh*, ana kulle shi da jimlar sirri, a taƙaita izininsa da *chmod 600*. Ba a ara, ba a turawa ta WhatsApp.
(b) ~n fili: shi ake ɗorawa a sabar, ganinsa ba ya cutarwa: *ɗalibar Birnin Kudu ta ɗora ~n filinta a GitHub.*

3. (*kwamf.*) shaidar shiga mai wa'adi, wadda kamfani ke bayarwa. Tun 13 ga Agusta, 2021, GitHub ba ya karɓar kalmar sirri a umarnin Git, sai wannan ko (2).

soke ~: kashe shi idan ya fallasa. sabunta ~: canza shi lokaci-lokaci.

*Dang.*: būɗḕ *aik.*, bū̀ɗaɗɗē *sif.* *Duba* makullī.